Yadda Na Kai Zakarana Kamaru Neman Ƙiba

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta ba. A coci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, ko gaisuwar mutuwa na je sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Baba Masinja, wai da gaske ne da zakara ka tsallaka boda?" Da gaske ne. Wasu har gida suke biyo ni don su ji labarin daga tushe, kuma su ne suka fi damuna, saboda dalilin da za ku ji a ƙarshe. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna na zayyana komai, kowa ya karanta a gidansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Yohanna, a Mugulbu nake. Na yi aikin masinja a makarantar firamare har gashina ya yi fari. Ranar da na yi ritaya na waiwaya na ga ba ni da wanda zan kaɗa wa ƙararrawa sai kajina. Kajin gida ne, jikokin wata jar kaza da mahaifiyata ta bar mini, kuma shugabansu wani dogon zakara ne da nake kira Kwamanda. Murya gare shi har ƙetaren mayo, wato rafi, amma in ka ɗaga shi sai ka rantse gashi kawai ka ɗauka. Haka sauran ma suke, su ci su ci, ƙashin ƙirji yana nan tsaye.

Bara masararmu ba ta yi kyau ba. Wata safiya a cikin damina matata, Maman Dauda, ta kama ni da kwano a bakin rumbu. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ta karɓi kwanon ta juye masarar inda na ɗebo ta, ta ce, "Baban Dauda, daga yau ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita rumbun nan don kaza ba. Na ba ka zuwa Kirsimeti. In na taɓa su na ji ƙashi, zan zuba su duka a kwando in kai kasuwa, in shuka kuɓewa a inda akurkin yake." Shekara talatin da wani abu muna tare, na san ba ta faɗin magana sau biyu. In kajin nan suka tafi, ban san me zan tashi in yi da safe ba.

Na taɓa jin ana cewa ganye yana sa kaza girma. Sai na shiga gona na yago ɗanyen ganyen rogo na yayyanka musu cikin dusa. Biyu suka mutu, sauran suka kwana uku suna zawo. Na je Sabon Layi a Mubi na kai kukana wurin abokina Alhaji Modu, ɗan Borno mai sayen wake, wanda muka fi shekara ashirin muna musu ba wanda ya taɓa yarda da ɗan'uwansa. Ya gama dariyarsa ya ce akwai wata mata a wani ƙauye bayan Bukula, cikin Kamaru, Dada Asta, matar wanda yake sayen wake a hannunsa. Ya ce da garin ganye take kiwon kaji, kuma kazarta ɗaya ta ishi mutum biyar. Zai je ranar Litinin, in ina so in biyo shi.

Na ce da Kwamanda zan tafi. Alhaji ya ce me zai je yi? Na ce ai ba a zuwa asibiti a bar marar lafiya a gida.

Muka tashi da sassafe a kan acaɓa ɗaya, direba a gaba, Alhaji a tsakiya da farar babbar rigarsa, ni a baya da Kwamanda a hammata, na naɗe shi da tsohon zanen Maman Dauda. Hanyar Sahuda a ƙarshen damina kowa ya san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Duk ramin da muka faɗa sai Kwamanda ya yi cara a kunnen Alhaji. Kafin mu isa mayo na farko ya riga ya yi abin da kaji suka saba yi, kuma ba a kan zanen ya yi ba. Alhaji bai sani ba sai da muka sauka za mu tsallaka ruwa da ƙafa, wata mata mai tallan gyaɗa ta nuna masa bayan rigarsa. Ya tsaya cikin ruwa zuwa gwiwa yana wanke riga yana zagin zakaran da Barbarci. Ni dai na juya baya ina kallon dutse don kada ya ga bakina.

A boda akwai shingaye, wannan bayan wancan, kowanne da igiya da benci da mutum mai kaki. Tun a hanya Alhaji ya gargaɗe ni in yi shiru, shi zai yi magana, wai yana jin Faransanci. Da muka isa shingen ƙetare ya gyara murya ya ce "bonshur", ya dakata, ya ce "mesi", shi ke nan Faransancin ya ƙare. Mai kakin ya dube shi ya amsa da Hausar da ta fi tawa, ya ce, "Alhaji, ka kwana lafiya? Yaya wake?" Ashe kowane wata suna haɗuwa.

Ya duba katunanmu, sannan idonsa ya sauka kan zanen da ke motsi a hammatata. Ya ce in buɗe. Da ya ga jan gashi da dogon wuya sai ya yi murmushi, ya ce ashe baƙon Najeriya ya san hakkin masu tsaron hanya. Ya miƙa hannu ya karɓe shi. Ya ɗaga Kwamanda sama, ya sa babban yatsa a ƙirjinsa ya shafa, murmushin ya tafi. Ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka taɓa ka ji. Shi ma ya taɓa. Sai ya mayar mini da shi da hannu biyu, a hankali, ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, kai ne ba ka ba shi abinci ko shi ne yake azumi?" Ya ɗaga igiya muka wuce. Ban taɓa jin daɗi da kunya a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

A Bukula muka tsaya cin abinci. Mutanen can ba su bambanta da mu ba, Fulatancin da muke ji a kasuwar Mubi shi suke yi, sai dai kuɗinsu sefa ne kuma burodinsu ba burodi ba ne. Dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, in ka gatsa sai ya kankare maka dasashi. Ni da haƙorana suka rage saura kaɗan, sai da na jiƙa shi cikin shayi na jira ya yi laushi. Na gutsura wa Kwamanda, ya sara sau uku bai samu komai ba, ya dube ni ya bari. Amma miyar yakuwarsu, gaskiya, ta fi tamu. Suna sa mata gyaɗa har ta yi kauri, kuma ba sa rowar nama. Kada wanda ya faɗa wa Maman Dauda na rubuta haka.

Da la'asar muka isa ƙauyen. Maigidan, Bappa Hamadu, dattijo ne siriri mai yawan fara'a. Ya shimfiɗa mana tabarma, muka shiga gaisuwa da Fulatanci, jam, jam, jam, har na fara tunanin ko a nan za mu kwana. Ana cikin haka ya ga Kwamanda. A can, baƙon da ya shigo da kaza a hannu tsaraba ya kawo, ba a tambaya. Ya yi godiya, ya sa mini albarka, ya ɗauke shi ya zagaya bayan ɗaki, na ji yana kiran a kawo wuƙa. Na yunƙura zan bi shi, Alhaji ya danne mini gwiwa ya ce in na buɗe baki na kunyata shi a gaban abokin cinikinsa, ba shi ba ni. Na zauna ina addu'a a zuci. Can sai ga Bappa ya dawo da Kwamanda a raye, ya ajiye shi a gabana, ya ce cikin ladabi a bar wannan ya ɗan huta tukuna, ya sha hanya. Nasu suka yanka mana.

Da aka kawo tuwon jar dawa da kazar, na gane Alhaji bai yi ƙarya ba, karo na farko a saninmu. Kazar gida ce, ƙashinta da tauri, amma tsoka har ta rufe ƙirji. Dada Asta ta fito gaishe mu, gajeriyar mata mai kaifin ido, ba ta da yawan magana. Na fara zuba mata bayanin abin da ya kawo ni, ta ɗaga hannu ta ce baƙo ba ya maganar aiki ranar da ya sauka, sai gobe. Mu a Mugulbu tun baƙo bai cire takalmi ba mun tambaye shi lafiya ko?

Aka kai mu masauki, wani ɗaki mai tagogi biyu suna kallon juna. Rabinsa gadajenmu ne, rabin kuma tabarmi ne a kan karaga hawa-hawa, an baza ganye a kai, na zogale da na rogo da na dankali. Ɗakin yana warin ciyawa. Alhaji ya yi ta atishawa har barci ya ɗauke shi.

Da gari ya waye Alhaji da Bappa suka tafi duba wake a wani ƙauye. Dada Asta ta tafi gona da sauran matan. Aka bar ni ni kaɗai da cikina cike da kunu, ba abin yi. Ni kuwa mutum ne da ba ya iya zama a gidan mutane ya ci ya sha bai taɓa komai ba. Na taɓa ganyen nan na ji da sauran danshi. Na leƙa waje na ga rana ta fito tarwai, irin wadda manomi ke roƙo a ƙarshen damina. Na ce a raina, baiwar Allah, aiki ya yi mata yawa har ta manta da shanya. Mu da muke shanya barkono da kuɓewa da masara a kan dutse, har a bakin kwalta, wa ya taɓa shanya a cikin ɗaki? Na naɗe hannun riga na kwashe tabarmin nan ɗaya bayan ɗaya, goma sha ɗaya, na jera su a tsakar gida inda rana ta fi zafi. Na samo kara na zauna ina korar awaki. Har jujjuya ganyen nake yi don ko'ina ya samu rana.

Sai da rana ta take tsaka ta dawo, da damin itace a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta sauke itacen ba. Ni kuma na miƙe ina murmushi, ina jiran godiya.

Ta ce, "Wa ya fitar?"

Na ce, "Ni ne, Dada. Ai ba komai, yi wa kai ne."

Ta sauke itacen, ta tsuguna ta ɗebi zogalen a tafin hannu. Jiya kore ne shar, yanzu ya koɗe ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Ta shiga ɗakinta ta fito da wani gari a ƙwarya, kore kamar yanzu aka tsinko, ta ajiye su gefe da gefe a gabana. Ta ce koren nan shi ne abincin, shi ke sa tsako girma, shi ke sa gwaiduwar ƙwai ta yi ja. Rana tana cinye shi. Iska ake so ta busar da ganye, a inuwa, kwana huɗu ko biyar. Abin da na yi wa aikinta na mako guda, in ji ta, yanzu sai dai a ba awaki, su ma don ba su da zaɓi.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ba ta haƙuri da Hausa, na ba ta da Fulatanci, har "mesi" ɗin Alhaji na ara. Ta ce haƙuri ba ya cika tabarma. Tun da koyo na zo yi, in ɗauki kwando.

Kwana biyar na yi a gidan nan ina biyan laifina. Alhaji da ya dawo ya ji labari ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya wuce garin Gider ya ce zai biyo ta kaina in an sallame ni. Kullum da hantsi, bayan raɓa ta bushe, ina kan bishiyar zogale, ni da na yi jika. Ta koya mini zage ganye daga tsinke, da baza shi sama-sama ba tuli ba, da juya shi safe da yamma. Da na faɗa mata abin da na yi da ɗanyen ganyen rogo, ta dube ni ta ce ashe tun a gida na fara ɓarna. Na rogo sai an yayyanka shi ya yi yaushi, ya bushe ƙarau, kafin dafinsa ya fita. In ganye ya bushe a daka a tankaɗe. Gwangwanin tumatir ƙarami ɗaya a cikin mudun dusa, ba ƙari, in ka cika hannu kaji su ƙi ci. Ta ce kuma kada in koma gida in ce ganye kaɗai ne abinci. A nemo musu gara, a ba su tsakin hatsin da ake sharewa a wurin niƙa, a wanke musu kaskon ruwa. Duk wannan a tsaye take faɗa, tana aiki, ba ta maimaitawa. Ta tuna mini da wata da na baro a gida.

Ran da zan tafi ta ɗauki Kwamanda ta shafa ƙirjinsa, ta ce ƙashinsa mai kyau ne, yunwa ce kawai. Ta ce takan shigo Mubi sayen atamfa gab da Kirsimeti, za ta zo ta gani da idonta ko na ji karatu. Ta ƙulle mini garin a leda na fara da shi.

Ledar nan ta kusa sa ni kwana a boda. Wani sabon mai kaki ne a shingen, ya buɗe jakata ya ga koren gari, ya shinshina, ya dube ni sama da ƙasa ya ce tsoho da kai kake safarar wiwi. Na rantse abincin kaji ne. Ya ce kowa haka yake cewa. Sai na roƙi dusa a wurin wata mai waina, na kwaɓa da garin na ajiye wa Kwamanda a ƙasa. Ya cinye tas, muka tsaya mu biyar muna kallonsa ko zai yi tangaɗi. Ya karkaɗe fiffike ya yi cara. Aka ɗaga igiya.

A gida, ɗakin da ke da taga biyu nawa ne kaɗai, don haka ganye ya shiga ciki ni na koma zaure. Zogalen tsakar gida kuwa na Maman Dauda ne, na miya da kwaɗo, sai da muka yi zaman sulhu aka raba bishiyar, reshen gabas nata, na yamma na kaji. Makon farko ban ga komai ba. Na biyu ma haka. Ina kama su ina taɓawa har suka fara guduna. Wajen mako na shida na ɗaga Kwamanda na ji hannuna ya san ya ɗauki abu. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan dawowata su ne abin kallo, cikinsu ɗaya kawai ya mutu, shi ma shirwa ce.

Saura kwana goma Kirsimeti, da safe, Maman Dauda ta fito da babban kwandon kasuwa ta ajiye a bakin akurki. Ta kama kaza ta shafa, ta saki. Ta kama wata. Sai da ta taɓa su duka, ni ina tsaye ina kallo. Ta daɗe riƙe da Kwamanda. Sannan ta ɗauki kwandonta ta mayar kan rumbu, ta ce kuɓewar za ta fi kyau a bayan gida. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, na ce hayaƙin murhu ne.

Bayan kwana uku na tafi daji neman gara. Ina dawowa wajen azahar na ji ƙanshin miya tun daga bakin hanya. Na shiga na tarar da Dada Asta a kan tabarma da ƙunshin atamfarta, Alhaji Modu a gefe yana goge wuƙa da ganye. A gidanmu in baƙo Musulmi ne, Musulmi ake ba ya yanka don kowa ya ci. Na gaishe su a gurguje, na ce Dada bari in kamo miki ɗalibinki ki gani. Na leƙa akurki, na leƙa bayan rumbu, sai na ga jan gashi a cikin kaskon ruwan zafi.

Maman Dauda ta ce, "Matar da ta ceci kajinka ta tako tun daga Kamaru, wanne kake so in kama mata, ƙaramin?"

Na juya wurin Alhaji. Na ce, "Kai da kuka hau acaɓa ɗaya da shi?"

Ya ce, "Na tuna. Rigata ma ta tuna. Amma na yi masa bisimilla mai kyau."

Aka kawo abinci. Dada Asta ta ɗauki ƙirjin daga cikin miya, ta danna shi da babban yatsa kamar yadda ta yi a ƙauyensu, ta juya shi, ta gutsura ta tauna a hankali. Ta ce, "Baba Yohanna, ka ji karatu." Ta tsamo ƙundun ta sa a gabana. Sau biyu wuƙa da mai kaki suna mayar da shi saboda rama, ni da hannuna na yi wata uku ina cire masa abin da ke kare shi. Na ci ƙundun ina kallon 'ya'yansa suna tono a gindin zogale. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma naman ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

To, ga dalilin rubutun. Tun daga ranar Maman Dauda ta shiga alfahari da kajin nan. Duk wanda ya yi sallama ya ce ya zo jin labarin Kamaru, kafin in kai boda a cikin labarin ta riga ta ɗora ruwan zafi. Shida sun tafi haka. Don Allah ga labarin nan na ba ku duka, ban rage komai ba. Mai sauran tambaya ya same ni a coci ran Lahadi, can ba ta zuwa da wuƙa.